Azarar Ɗakin Inna

Har yau in na buɗe tafin hannuna na dama, akwai baƙaƙen ɗigo uku a gindin babban yatsa. Jikokina sun ɗauka tawada ce ta maƙale. Ba tawada ba ce, sartsen giginya ne da ya shige ya ƙi fita, nama ya rufe a kansa. Ya haura shekara hamsin a wurin, kuma ban taɓa neman wanzami ya cire mini shi ba.

Ni kafinta ne, ko in ce na yi kafinta har idanuna suka ce sun gaji. A Kano na koyi aikin, na dawo gida Kazaure 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, da zarto da guduma da fensir a bayan kunne, da wani girman kai da ya fi akwatin kayan aikina nauyi. A lokacin duk wanda ya samu aikin ofis ko malanta so yake a shiga ɗakinsa a ga tebur da kujera mai majingina, don haka aiki bai yanke mini ba. Daga baya ma, da kuɗin mai suka shigo ƙasa, na yi kujerun kushin da ba zan iya tuna yawansu ba. Amma wadda zan ba da labarinta ba ta da kushin, ba ta da ko ƙusa ɗaya a jikinta.

Mahaifina mai fasa azara ne. Shekara arba'in ya yi yana bin fadamu daga wajen Roni har Gwiwa, yana saran giginya, yana tsaga ta gida-gida ana rufin soro da ita. Rabin sorayen unguwarmu azararsa ce ke riƙe da su. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, kunyar sana'ar nake ji. Ban taɓa bin sa daji ba ko sau ɗaya tun da na yi wayo. In ya biyo ta rumfata nakan ce masa, "Baba, zamanin itacen daji fa ya wuce."

Shi kuma sai ya ɗauki guntun katako, ya danna farcen babban yatsansa a ciki har ya yi shaida, ya ce, "To, madalla. Abincin gara ne dai kake yi wa ado."

Mukan yi dariya mu duka biyu. Tasa dariyar wasa ce, tawa kuwa da raini a ciki, kuma na tabbata ya sani.

Katakon da nake taƙama da shi daga Kudu yake zuwa. Wani mutumin can ne ke da rumfarsa a bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Daura, mutum mai haƙuri, yana jin Hausa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shekarar da ƙasa ta rikice, ya kwashe iyalinsa ya tafi, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Da aka shiga yaƙin basasa sai katako ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗan abin da ke isowa Kano, manya ke rabe shi tun bai sauka daga mota ba. Na koma gyaran ƙafar benci da ƙyauren taga, fensirin nan dai yana bayan kunne ba abin da yake zanawa.

Ana cikin haka Baba ya faɗi. Bayan an gama shigar da amfanin gona ne, yana alwalar azahar, buta ta suɓuce masa, shi ma ya bi ta. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi har sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma ɗaya. Hankalinsa kuwa garau. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, domin duk abin da ake yi da shi yana gani, yana kuma jin kunyarsa.

Baba ƙaton mutum ne, irin waɗanda in sun shigo zaure sai haske ya ragu. Al'adarsa tun ina ƙarami, in an yi la'asar sai ya fito ya zauna a dakalin ƙofar gida. Magina su zo neman shawara, masu wucewa su durƙusa su gaishe shi, abokinsa maƙeri, wanda nake kira Baffa, ya zo su yi ta musu har magariba. Bayan ciwon, zaman dakali ya gagara. In an zaunar da shi sai ya riƙa zamewa ta hagu a hankali har ya kwanta. Wata huɗu yana ɗaki.

Inna ce ta fara magana. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, in za ta yi mini magana sai ta ce "kai," in kuma tsokana take ji ta ce "kafinta." Ta same ni a tsakar gida ta ce, "Kai, ɗakin nan zai kashe Malam kafin ciwon ya kashe shi. Kana yi wa mutanen gari kujeru, ubanka ba ya da ta zama?"

Maganar ta shige ni. Amma da me zan yi? Sai na bi kantuna na roƙo akwatunan sabulu da na shayi, na ɓaɓɓalle su, na haɗa kujera mai majingina da hannuwa biyu. Na san katakon siriri ne. Wallahi na sani. Na ninka shi biyu a wasu wurare, na cika shi da ƙusa, na shafe shi da koren fenti ya yi kyau, na ce wa kaina ai zama kawai zai yi, ba rawa ba.

Ranar Juma'a muka fito da shi bayan la'asar. Inna ta sa masa farar riga da hula, mutane suka cika ƙofar gida, kowa na cewa, "Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi." Na ga idonsa ya yi haske. Ya ɗaga hannun dama yana amsawa. Bai yi minti goma ba nauyinsa ya fara komawa hagu kamar yadda ya saba, na ji wata 'yar ƙara, kafin in miƙa hannu ƙafar baya ta ɓalle. Baba ya kifa ƙasa ta gefen da ba ya iya karewa. Hula ta yi nata wuri, riga ta yaye, yawu ya zubo masa a gemu a gaban magina da yaran unguwa. Ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi sauƙi a kan shirun da aka yi.

Bai ji ciwo ba in ban da ɗan gurjewa a kafaɗa. Amma da muka mai da shi ɗaki sai ya juya fuskarsa bango, daga ranar bai sake juyowa ba. In Inna ta kawo kunu ya kurɓi ludayi biyu ya rufe baki. In Baffa ya zo gaishe shi ya yi kamar barci yake. Ni kuwa in na yi sallama, ko motsi ba ya yi. Cikin kwana goma wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kullum da safe sai na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayansa, ina jiran in ga ya ɗaga ya sauka da numfashi. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron kada ya tafi a haka, abu na ƙarshe da ya sani game da ɗansa shi ne ya kayar da shi a bainar jama'a.

Na hau keke neman katako. Na je kasuwar Babura, na tambayi har mutanen da ke tsallakowa daga Nijar, suka ce su ma nema suke. Na je Roni wurin wani da aka ce yana da tsohon tebur, na tarar gara ta riga ni. Na dawo a gajiye na faɗa maƙerar Baffa, na zauna a ƙasa na ba shi labari.

Bai daina buga ƙarfensa ba ya ce, "Ɗan mai azara yana yawon neman itace. Ikon Allah."

Na ce, "Baffa, giginya ai ba a kujera da ita. Ba ta karɓar ƙusa, ba ta gogewa."

Ya ce, "Ka gwada ne?"

Ban gwada ba. Na ce to gobe zan nemi masu sara mu je fadama. Sai ya ajiye guduma ya dube ni kamar ya ga sabon shiga gari. Ya ce ɗanyar giginya ruwa ce fal, sai ta shekara a inuwa kafin ta daina motsi, in na haɗa ta yanzu, wata biyu za ta saki duk inda na ɗaure. Ya ce kuma ba kowace ake sara ba, namiji ake nema wanda ba ya 'ya'ya, tsoho, kuma daga gindi zuwa ƙasan kumburin nan na tsakiya kaɗai ke da ƙarfi. Duk wannan a gidanmu aka san shi, ni kuwa sai a bakin maƙeri na fara ji, ina da shekara talatin.

Na ce, "Shekara? Baffa, mutumin da ba ya cin abinci ina ya ga shekara?"

Ya koma ya ja zugazuginsa.

Busasshiyar azara kuwa ba a samunta a bazara, magina sun riga sun kwashe tun sanyi. Na zaga duk inda na sani, babu. Da na gaya wa Inna, tana zaune tana kaɗi, ba ta ɗago ba. Sai da ta naɗe zaren a mazari sannan ta nuna ɗakinta da haɓa.

Ta ce, "Wanda ke saman can fa? Da hannunsa ya saro su ya rufa, shekarar da aka kawo ni gidan nan. Ya ce mini ya zaɓo waɗanda ko jikokinmu ba za su ga lalacewarsu ba."

Na ce, "Inna, damina ta kusa. Jiya ma an yi walƙiya ta gabas."

Ta ce, "Na gani, ai ba makauniya ba ce ni. Ka cire abin da zai ishe ka."

Washegari na samu magina biyu muka hau. Muka fasa ƙasar rufin ta kusurwa ɗaya, muka yaye zanar da ke ƙarƙashi, muka zaro azara shida. Sun yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin shekaru, nauyi kamar ƙarfe, ba inda gara ta ko lasa. Muka rufe ramin da zana biyu da duwatsu a kai. Inna ta ja gadonta zuwa ɗaya kusurwar, ta tattara tasoshinta ta kife.

Na ce a kai mini su rumfata ta kasuwa. Inna ta ce a'a, a nan zan yi, ta nuna inuwar da ke daidai ƙofar ɗakin Baba. Na ce ƙara za ta dame shi. Ta ce, "Ta dame shi ɗin." Ban gane nufinta ba a lokacin, na ɗauka fushi take yi da ni har yanzu.

Na fara aiki irin yadda aka koya mini a Kano. Kowace azara tana da sara biyu na gatari a kai ɗaya, na ɗauka lahani ne, na sa zarto na datse su daga ta farko. Kafin in gama yanka uku haƙoran zarton sun dakushe. Na ɗauko abin da muke kankare fuskar katako da shi na tura, sai baƙaƙen jijiyoyi suka miƙe tsaye kamar allurai. Na ce bari in gwada ƙusa. Ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ma haka, ta uku ta shiga, azarar ta tsage tun daga kai har tsawon kamu guda, da wata ƙara mai kama da yage sabon yadi. Azara ɗaya cikin shida ta tafi a banza. Na tsaya da guduma a hannu, gumi na zuba, ina lissafin cewa na fasa wa uwata ɗaki don in yi itacen girki.

Sai na ji an buga ƙyaure da ƙarfi daga ciki. Aka sake bugawa.

Na leƙa. Baba ya juyo. Kwana goma sha tara rabon da in ga fuskarsa. Ta rame, idanu sun faɗa, amma jajur suke don fushi. Sandarsa na hannun dama, da ita ya bugi ƙyauren. Ya yi ta kokawa da harshensa har kalma ta fito.

"A'a."

Na durƙusa na ce, "Baba, ban iya ba."

Ya nuna waje da sanda, ya nuna gabansa. Na jawo azara ɗaya har bakin shimfiɗarsa. Ya ƙwanƙwasa ta da kan sanda, ya saurara, ya ƙwanƙwasa ɗaya kan, sannan ya ɗora sandar a kan saran gatarin nan biyu.

"Gindi," in ji shi.

Ashe alamarsa ce. Duk azarar da ya fasa sai ya sare ta sau biyu ta wajen gindin bishiyar, don magini ya san inda ƙarfi yake. Ya ja sandar daga wurin saran zuwa ɗaya kan, a hankali, sau uku, yana kallona. Na gane: in za a kankare, daga gindi ake tafiya zuwa sama, in ka juyo ta baya sai jijiyoyin su tashi. Na waiga na ga Inna a bakin murhu ta ba mu baya, tana ta fifita wutar da ta riga ta kama.

Haka muka yi kwana goma sha biyu. Na ɗage labulen ɗakinsa, Inna ta tokare masa baya da buhun gero ta yadda zai ga tsakar gida. In na yi daidai ya yi shiru, in na kauce sanda ta sauka a ƙyaure. Ta sauka ba adadi. Ya hana ni ƙusa. Ya ce, "Wuta," sai da ya maimaita sau huɗu na ji, na ruga wurin Baffa ya ƙera mini ƙarafa biyu masu tsini. In sun yi ja a garwashi in huda azarar da su, hayaƙi na tashi mai ɗaci, sannan in feƙe tsinkayen itacen ƙirya in buga a ramin. Kafin in yanka ko in huda kusa da kai, sai na naɗe wurin tam da ɗanyar fata, in ta bushe ta ƙara matsewa. Gogewa kuwa da fasasshiyar kwalba ake yi, kaɗan-kaɗan. Aikin da zan gama cikin yini biyu da katako, ga shi yana cin mako biyu, kuma wanda nake cewa zamaninsa ya wuce shi ke koya mini daga kwance.

Rana ta huɗu Inna ta ajiye masa kwanon kunu a gefen dama ba ta ce ya sha ba. Yana kallona ina ƙoƙarin daidaita ƙafar baya, yana tsaki, yana kurɓa, har kwanon ya ƙare bai lura ba. Ni da Inna ba mu yarda mun haɗa ido ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Sha kunu daban, fita daban. Sau ɗaya Baffa ya ce masa, "To, an kusa komawa dakali ke nan," sai ya ɗaure fuska ya juya bango, har washegari bai buga ƙyaure ba. Na gane gyaran aikina yake yi saboda ba zai iya jin ana wulaƙanta azararsa ba, ba don ya yi niyyar zama a kai ba.

Ga kuma wani abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Wata rana ina gyara masa zama na ga cinnaka ta kafe a damtsensa na hagu, wurin har ya tasa, shi kuwa bai sani ba. Malamin asibitin da ke zuwa duba shi ya taɓa gaya mana mu kula, ciwo a gefen da ya shanye ba ya saurin warkewa, kuma ba zai ji ba balle ya faɗa. Sartsen giginya kuwa ba irin na katako ba ne. Siriri ne, baƙi, yana shiga ya karye a ciki ya ruru. Kuma duk nauyin Baba a kan hannun kujera na hagu zai sauka. Karon farko na kayar da shi kowa na gani. Wannan karon ina iya yi masa illar da ba wanda zai gani sai ta yi nisa. Ko abinci aka ajiye mini, in na tuna sai ya fita raina.

Inna ce ta kawo dabara. Ta ɗebo gurzajjiyar auduga daga kwandon kaɗinta, ta shafa a hannun kujerar a hankali. Ni da na rantse wurin ya yi sumul, sai ga farin gashi ya maƙale a wuri fiye da ashirin. Ta ce, "Ga su nan, kafinta. Ido ba ya ganinsu." Duk inda auduga ta kama sai in ɗora ƙarfe mai zafi in ƙone tsinin, in kankare da kwalba, in shafa man kaɗe, in sake bi da auduga. Kwana uku ina wannan. Majingina ta wuce, wurin zama ya wuce, hannun dama ya wuce. Hannun hagu kuwa akwai wani wuri kusa da inda gwiwar hannu za ta sauka da ya ƙi. In ya yi kamar ya daina, in na danna audugar sai ta sake kamawa.

Raina ya ɓaci. Na ajiye audugar, na ɗora tafin hannuna tsirara a wurin, na danna da duk ƙarfina na murza gaba da baya, ta inda aka hana ma. Na ce in akwai abin da zai shiga, ya shiga jikin da ke ji. Guda uku suka shige ni lokaci ɗaya, zafin har cikin kaina. Na ƙone wurin, na goge, na sake murzawa har tafin ya yi ja. Ba abin da ya sake shiga.

A yammacin ranar hadari ya haɗo aka yi ruwan farko. Iska ta ɗauke zana ɗaya, ruwa ya zuba ɗakin Inna kamar an buɗe indararo a ciki. Muka yi ta kwashewa da ƙwarya. Tabarminta da buhun dawa duk suka jiƙe, kusurwar bango ta fara zubowa. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta matse bakin zanenta ta ce, "Kujerar dai ka shigar da ita?" Na ce an taya ni mun shigar.

Da aka gama kujerar, mu huɗu muka ɗaga ta, don mutum biyu ba sa iyawa. Ba ta da kyau. Baƙa ce, mai kauri, da ɗaurin fata a kowace gaɓa, ƙafafun baya a buɗe, hannun hagu ya fi na dama faɗi da tsayi. Da abokan koyon aikina na Kano sun gan ta, da sun yi mini dariyar shekara. Muka ajiye ta a zaure. Ba wanda ya ce wa Baba komai. Kwana biyu tana nan, ina wucewa ta gefenta.

Rana ta uku, ana idar da la'asar, sanda ta bugi ƙyaure. Inna ta shiga, ta daɗe, ta fito ta ce, "Hularsa yake nema."

Ba Juma'a ba ce, amma kafin mu fito da kujerar gefen dakali labari ya zaga, mutane sun taru, yawancinsu waɗanda suka ga faɗuwar farko. Ni da Baffa muka tallafo shi. A bakin zaure ya tsayar da mu. Ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa ƙafar gaba, ya saurara. Ya ƙwanƙwasa ta baya ta hagu, irin wadda ta ɓalle a waccan, sau biyu. Baffa ya ce, "Bari in fara zama ka gani, ai na kusa kai ka nauyi."

Baba ya ce, "A'a."

Muka sauke shi a hankali. Na ƙi sakin kafaɗarsa sai da Baffa ya janye mini hannu. Nauyinsa ya fara tafiya hagu kamar kullum, ina kallo. Ya tafi, ya tafi, ya jingina. Kujerar ko ƙara ba ta yi ba.

Hannunsa na hagu yana kan cinyarsa inda Baffa ya ajiye shi, a cikin hannun riga. Ni kuwa duk da audugar, duk da tafina, ban yarda da kaina ba. Na zo da wani tsohon zane a ninke a hammata, na yi sauri na shimfiɗa shi a kan hannun kujerar na hagu. Baba ya dubi zanen. Ya sa kan sanda ya ture shi ƙasa.

Ya jingine sandar a ƙafarsa. Ya miƙa hannun dama ya tsallaka jikinsa, ya shafa hannun kujerar na hagu tun daga baya har gaba, a hankali, da yatsun da suka shekara arba'in suna sanin giginya. Ya shafa gefe. Ya zura yatsu ƙarƙashi, ya tsaya a kan sara biyun nan na gatari, don wannan karon ban datse su ba. Ya daɗe a wurin. Sannan ya kama hannun rigarsa na hagu ya naɗe shi har sama da gwiwa, ya ɗago hannun nan da ba ya ji, kamar mai ɗaukar jariri, ya ɗora shi tsirara a kan itacen. Bai dube ni ba. Ya gyara hularsa, ya ɗaga hannun dama ga mutane.

Aka fara, "Sannu Malam, barka da fitowa." Baffa ya zauna a dakali ya soma jan sa da musu kamar jiya suka rabu.

Na sunkuya na ɗauki zanen na shige zaure. Na zauna a ƙasa na toshe bakina da shi, ina kuka kamar ba magidanci ba. Inna tana bayan ƙyaure, ashe tun ɗazu tana leƙe ta tsaga. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta goge idonta da bakin mayafi ta ce, "To, tashi haka nan, kafinta. Hadari na haɗowa, ka je ka rufe mini ɗakina."